Ambulan ɗin Nuwamba: yadda 'yan Katolika ke kallon mutuwa da mamatansu

Lokacin muna zaune a wani gidan haya a Kaduna, wajen ƙarshen shekarun 1990, akwai wata dattijuwa 'yar Katolika da ƙofar ɗakinta ke kallon tamu, mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa a gidan Mama yake ce mata har masu furfura. Duk ƙarshen watan Oktoba sai ta ƙwala min kira, don idonta ya fara rauni, ta miƙo min biro da wani ɗan farin ambulan da ta karɓo a coci ta ce "zauna nan ɗana, rubuta min mutanena." Sai ta shiga jero sunaye tana lanƙwasa yatsu, mijinta, uwarta, ubanta, wata ƙanwarta da ta rasu wajen haihuwa, wani katikis, wato mai koyar da addini a cocin ƙauyensu, har zuwa ƙasan takarda inda take sa ni in rubuta "da waɗanda ba su da mai tunawa da su." Ta ninke takardar, ta sa 'yan canjinta a ciki, ta lashe bakin ambulan ta manne. Ranar Lahadi ta ɗaura zanin Zumuntar Mata ta tafi da shi coci, don a yi wa mamatan nan addu'a a watan Nuwamba.

Ni abin ya ɗaure min kai, ba wai don yi wa mamaci addu'a baƙon abu ne a wajena ba, a gidanmu kullum ana yi. Abin da na sani dai daga abokaina 'yan ECWA da Baptis shi ne Kirista ba ya roƙa wa mamaci gafara, ka mutu an rufe littafinka shi kenan. Da na faɗa mata haka sai ta yi dariya ta ce "su ke nan, ɗana. Mu namu ba mu yar da su ba."

Sai daga baya na gane wannan 'yar maganar ita ce kan zaren gaba ɗaya. In ka riƙe ta, duk sauran abubuwan da Katolika ke yi a kan mutuwa, da wanda ka ga ya yi ma'ana da wanda ka ga kamar ƙari ne, za ka ga daga nan suka fito. A wajensu mutuwa ba ta yanke zumunci. Coci gida ɗaya ce mai sassa uku, akwai waɗanda ke duniya suna fama, akwai waɗanda suka riga suka isa gaban Allah, su ne tsarkaka ko waliyyai, sannan akwai waɗanda suka mutu cikin alheri amma ba su gama wankuwa ba. Na duniya suna roƙa wa na tsakiya, wato waɗanda ba su gama wankuwa ba, na sama suna roƙa wa na duniya. Wannan ne suke kira zumuntar tsarkaka, kuma yana cikin kalmar bangaskiyar da suke furtawa.

To bari mu fara da na tsakiyan, don a nan rigimar take.

Koyarwarsu ita ce mutum yana mutuwa ake yi masa hisabinsa na kansa, nan take, ba sai an jira tashin ƙiyama ba, ko da yake akwai babban hisabi na kowa da kowa a ƙarshe lokacin da jiki zai tashi ya haɗu da rai. Daga wannan hisabi na farko hanya uku ce. Aljanna kai tsaye, ko wuta ta har abada ga wanda ya mutu da babban zunubi bai tuba ba, ko kuma abin da suke kira Furgatori, wato halin tsarkakewa. Mutane da yawa, har cikin 'yan Katolikan kansu, suna ɗauka Furgatori wata dama ce ta biyu, kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa aka ce ya sake zama. Ba haka ba ne sam. Duk wanda ke Furgatori ya riga ya ci, aljanna tasa ce, ba mai fita daga can ya faɗa wuta. Abin da ya rage wanka ne kafin shiga. Kuma don Allah kar wani ya yi saurin cewa ai barzahu ne, ba shi ba ne, barzahu a fahimtar Musulunci kowa na cikinsa har ranar tashi, na kirki da mugu, shi kuwa wannan na wasu ne kawai, kuma mutum na iya fita ya shiga aljanna tun duniya ba ta tashi ba.

Me ya kawo wannan tunanin? Tambaya ce mai sauƙi da duk wanda ya taɓa binne nasa ya sani. Yawancin mutane ba waliyyai ba ne, ba kuma azzalumai ba ne. Baba ne mai ciyar da iyali, mai zuwa ibada, amma da zafin zuciya, da 'yar rowa, da wata gaba da ya riƙe da ƙaninsa har ya koma ga Allah. Ina za a kai shi? A ce wuta, zuciya ba ta yarda ba. A ce ya shige gaban Allah Mai Tsarki da halin nan nasa yadda yake, shi ma da wuya. Katolika sai suka raba zunubi biyu, akwai mai kisa, wanda sai abu uku sun haɗu, laifin ya zama babba, mutum ya san babba ne, kuma ya aikata da ganganci, akwai kuma ƙanana da ba sa raba mutum da Allah amma suna barin datti. Suka ƙara da cewa ko zunubin da aka yafe yana barin tabo. Yaro ne ya kifar da manja a farar shaddar babansa, ya yi kuka ya ba da haƙuri, uban ya ce na yafe, to an yafe ɗin, amma rigar fa sai ta je wajen mai wanki. Furgatori shi ne wajen mai wankin.

Hujjar da suka fi kawowa tana cikin Littafin Makabiyawa na biyu, sura ta 12. Labarin wani jarumin Yahudawa ne, Yahuza Makabi, a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan wani yaƙi aka je kwasar gawarwakin sojojinsa sai aka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu, abin da shari'arsu ta hana. Maimakon ya ce ai su suka jawo wa kansu, sai ya sa aka yi musu addu'a, ya tara karo-karo na azurfa dirhami 2000 ya aika Urushalima a yi hadaya dominsu. Katolika suka ce ka gani, in addu'a ba ta amfanin matattu da bai yi ba, kuma in suna aljanna ba sa buƙata, in suna wuta ba ta yi musu komai, ke nan akwai wani hali na uku. Matsalar ita ce wannan littafi yana cikin Baibul ɗin Katolika mai littattafai 73, amma babu shi a na Furotesta mai 66. Shi ya sa in ka ga ɗan Katolika da ɗan ECWA suna musu a kan wannan, ba za su taɓa gamawa ba, kowa da littafin da yake riƙe. Akwai kuma ayar Bulus, ɗaya daga marubutan Baibul, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa sura ta 3, inda ya ce wuta za ta gwada aikin kowa, wani aikinsa zai ƙone amma shi zai tsira kamar wanda aka fizgo daga wuta. Wannan kowa yana da ita, fassarar ce ta bambanta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne aikin ya riga bayanin zuwa. Mutane sun daɗe suna yi wa matattunsu addu'a kafin malamai su zauna su ce ga sunan abin. Kuma da yawa daga tsoffin shaidun nan daga Afirka suke. A Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 203 aka kashe wata matashiya mai suna Perpetua saboda addininta, kuma a abin da ta rubuta a kurkuku ta ba da labarin ƙaninta da ya mutu yana ɗan shekara 7 da wani mugun ciwo a fuska, ta gan shi a mafarki cikin duhu da ƙishirwa ya kasa kaiwa ga ruwa, ta dinga yi masa addu'a dare da rana har ta sake ganinsa fes yana shan ruwa yana wasa. Sai kuma Monika, mahaifiyar Agustin, babban malamin nan ɗan ƙasar Aljeriya ta yau. Ta rasu a garin Ostiya kusa da Roma a 387, suna hanyar komawa gida. Da ɗaya ɗan nata ya nuna damuwa za ta mutu a baƙuwar ƙasa, sai ta ce su binne jikin duk inda suka ga dama, abu ɗaya kawai take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagadin Ubangiji duk inda suke. Wannan roƙon na Monika shi ne ainihin abin da ke cikin ambulan ɗin Mama. Sai can daga baya tarukan malamai na Liyon a 1274, da Fulorans a 1439, da Tirent a 1563 suka sa wa koyarwar hatimi.

Kuma abin da suka sa wa hatimin kaɗan ne fa. Akwai tsarkakewa bayan mutuwa, kuma addu'ar masu rai tana taimakawa, musamman Misa, wato babbar ibadarsu da ake yi a coci. Iyakarta ke nan. Zancen wuta mai harshe, da ƙididdigar shekaru, da zane-zanen mutane tsirara cikin garwashi suna ɗaga hannu, wannan wa'azin masu wa'azi ne da aikin masu zane. Paparoma Benedict na 16 a wata wasiƙarsa ta 2007 ya kawo fahimtar cewa wutar ba wata aba ba ce illa haɗuwa da Almasihu kansa, kallonsa ne yake narkar da ƙaryar da mutum ya gina a rayuwarsa, da zafi amma da waraka, kuma ba a auna tsawonsa da agogon duniya.

Yanzu ga inda aka yi abin kunya, kuma su ma ba sa musu. In addu'a da sadaka suna rage wa mamaci wahala, to ai ƙofar kasuwa ta buɗe. Akwai abin da suke kira indaljens, wato rangwamen horon da ya rage bayan an yafe zunubi, mutum na iya nema wa kansa ko ya ba mamaci. A farkon ƙarni na 16 ana neman kuɗin gina babbar majami'ar Bitrus a Roma, sai wani mai wa'azi Johann Tetzel ya dinga yawo a Jamus yana tallar wannan rangwame, har ana yaɗa cewa da zarar kuɗi ya yi ƙara a akwati rai ya fice daga Furgatori. Ka yi tunanin talaka da aka ce masa uwarka na ƙuna kai kana riƙe da sule. Wannan ne ya fusata Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a 1517, daga nan Kiristancin Yamma ya tsage gida biyu har yau. Wato babbar ɓarakar da ta haifar da Furotesta, a kan matattu ta fara. Taron Tirent ya riƙe koyarwar amma ya yi tir da cinikin, sannan a 1567 Paparoma Pius na 5 ya soke duk wani rangwame da aka haɗa da biyan kuɗi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, duk wanda ya ga musun da ake yi a kan sadakar uku da bakwai da arba'in ya san yadda magana kan abin da ke isa ga mamaci take raba 'yan uwa.

To kuɗin da Mama ke sawa a ambulan fa? Na tambayi kaina wannan. A dokarsu ba sayen Misa ba ne, kyauta ce don ɗawainiyar Fada, wato limamin cocin, dokar cocin ta 1983 ta ce a kauce wa duk abin da zai yi kama da ciniki, ta kuma nemi limamai su yi wa talaka Misa ko bai kawo ko sisi ba. A takarda ke nan. A aikace kuwa, duk inda aka ce ga mafi ƙarancin abin da ake sawa, talaka farashi yake ji, ko me aka kira shi. Wannan ra'ayina ne.

Shi watan Nuwamba yadda ya samo asali, ranar 1 ga wata ta dukan tsarkaka ce, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba. Ranar 2 kuma ta dukan rayukan masu bi da suka rigaya. Wani shugaban gidan sufayen Kirista, masu keɓe kansu don ibada, na Kuluni a Faransa, Odilo, shi ya kafa ta a gidajen da ke ƙarƙashinsa wajen shekara dubu da ta wuce, daga nan ta bazu. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na ɗaya samari na mutuwa kamar fari, Paparoma Benedict na 15 ya ba kowane Fada izinin yin Misa uku a wannan rana, izinin da har yau yana nan. Daga 1 zuwa 8 ga wata ana ƙarfafa ziyarar maƙabarta, a share, a yi addu'a, Fada ya zagaya yana yayyafa ruwa mai tsarki. A Folan maƙabartu sukan koma kamar gari saboda kyandirori, a Filifin iyalai kan je su yini har su kwana a gefen kaburbura da abincinsu, a Meziko kuma abin ya gauraya da al'adun mutanen ƙasar na da ya zama bikin matattu mai furanni da ƙwarangwal na alewa. Akwai ma wata tsohuwar al'ada ta Misa 30 a jere, kwana 30 ba fashi, don mamaci ɗaya. Ana danganta ta da Paparoma Gregori Babba wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, da labarin wani sufi da aka samu ya ɓoye tsabar zinariya uku alhali ya yi alkawarin talauci, aka hukunta shi har a gawarsa, daga baya Gregori ya tausaya ya sa a yi masa Misa kwana 30.

Kafin a kai ga kabari kuwa, akwai gadon mutuwa. Ɗan Katolika na gaske tsoronsa ba mutuwar ba ce kawai, mutuwar fuju'a ce ba shiri. Shi ya sa addu'ar gaisuwar Maryamu take ƙarewa da roƙon ta yi musu addu'a yanzu da kuma lokacin mutuwarsu, kuma wanda ya ja carbinsu na rosari sau ɗaya ya faɗi wannan sau 53. In ciwo ya yi tsanani sai a kira Fada, ko tsakar dare ne, ya zo da 'yar jakarsa. Mara lafiya ya furta zunubansa in yana iya magana, a shafa masa mai a goshi da tafin hannu bisa ayar wasiƙar Yakubu sura ta 5, sannan a ba shi Jibin Ubangiji na ƙarshe, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a Misa, wanda da Latin suke kira biyatikum, ma'anarsa guzuri. Guzuri dai kamar yadda muke cewa. Da can ana kiran shafa man nan shafewar ƙarshe, har ya zama in an ga Fada ya shigo gida mata sun fara kuka, wasu iyalan ma su ƙi kiransa kar ya tsorata mara lafiya. Bayan babban taron Vatikan na biyu, 1962 zuwa 1965, aka mai da sunan shafewar marasa lafiya, tsoho ko mai shirin babbar tiyata ma yana iya karɓa. Sun haramta kashe mara lafiya don a hutar da shi, amma ba su wajabta a yi ta jona mutum da injuna ba in an ga ba fata, a bar shi ya tafi ba kisa ba ne a wajensu.

Jana'izar kanta hawa uku ce, zaman dare na addu'a, Misa a coci, sai binnewa. In ka lura da kyau, duk abin da ake yi wa akwatin maimaicin baftisma ne. A bakin ƙofa a yayyafa masa ruwa, a wurare da yawa a lulluɓe shi da farin ƙyalle, na attajiri da na talaka su zama ɗaya, a ajiye shi kusa da babban kyandir na Ista, a ƙarshe a zagaya shi da turaren wuta don girmama jikin. Ƙa'idarsu ta ce huɗubar Fada ba wajen yabon mamaci ba ce, kuma dalilin a fili yake, an zo roƙa masa rahama ne ba a zo ba shi shaidar aljanna ba. Ko da yake a nan Najeriya kam, in babban mutum ne, sai ka ji an ware lokacin jawabai har rana ta karkata. Da can baƙaƙen kaya Fada ke sawa, yanzu an fi ganin shunayya ko fari. Addu'ar da aka fi maimaitawa tana roƙon Ubangiji ya ba su hutu na har abada, haske marar yankewa ya haskaka su, su huta cikin salama. RIP ɗin nan da yaranmu ke rubutawa a Facebook ba su san daga ina ba, daga wannan addu'ar ta Latin take. Ita ma kalmar Turawa ta maƙabarta asalinta na Girkanci wurin barci take nufi, kusan makwancin da muke roƙon Allah ya kyautata.

Wani abu da ya kamata a raba, ajiye gawa wata uku a mutuware, da anko, da buga kalanda, da yanka shanu, da cin bashi don a fita kunya, wannan ba koyarwar Katolika ba ce, al'adar wasu yankuna ce. Hasali ma limamansu na cikin masu yaƙi da ita, Bishop ɗin Awka, Paulinus Ezeokafor, ya daɗe yana kuka da tsadar jana'iza kafin jihar Anambra ta yi dokar taƙaita ta a 2019. Shi kansa Paparoma Francis da ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025 yana da shekara 88, ya riga ya sauƙaƙa tsarin, maimakon akwatuna uku da aka saba yi wa paparomomi ya ce ɗaya na katako ya isa, aka binne shi a majami'ar Santa Mariya Majore, ba abin da aka rubuta a kabarin sai sunansa da Latin. Amma fa an yi masa Misa kwana 9 a jere ana roƙa masa gafara. Paparoma guda. Su ba sa ɗaukar kowa ya wuce buƙatar addu'a sai wanda coci ta ayyana waliyyi, kuma abin lura, cocin tana da dogon jerin waɗanda ta ce suna aljanna, amma ba ta taɓa ayyana wani mutum da sunansa cewa yana wuta ba.

Ƙona gawa a taƙaice, sun hana a 1886 saboda a lokacin masu adawa da addini a Turai na yin sa don ƙaryata tashin matattu, suka sassauta a 1963, amma har yanzu binnewa suka fi so. A 2016 Vatikan ta ce in an ƙona, tokar a kai ta maƙabarta ko wani wuri mai tsarki, ba a watsa ta a teku ko a iska, ba a mai da ita sarƙar wuya. Ɗaya daga cikin dalilan da suka bayar shi ne kar mamaci ya fita daga addu'ar jama'a in 'ya'yansa sun shuɗe.

Kuka fa? Ba su hana ba. Ayar da suke yawan kawowa ita ce Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, alhali a labarin ya san zai tashe shi. Bulus kuma bai ce kar a yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kar a yi irin na marasa bege. Shi Agustin da muka ambata, ya danne hawayensa ranar binne Monika don yana ganin bai dace ba, har ya je wanka ko zai ji sauƙi bai ji ba, sai da ya kwana ya farka shi kaɗai sannan ya saki kukan, ya ce duk mai ganin laifi ne kar ya yi masa dariya, ya taya shi da addu'a. Ni a ganina babban amfanin wannan tsari ga mai makoki shi ne yana ba shi aikin yi. Wanda ya rabu da ubansa ba su shirya ba, ko bai samu zuwa asibiti ba, ko ya faɗi maganar da ba zai iya janyewa ba, ba a ce masa ƙofa ta rufe. Ana ce masa je ka sa a yi Misa, yi sadaka, yi azumi da sunansa, har yanzu kana iya yi masa wani abu. Ko ka yarda da koyarwar ko ba ka yarda ba, ka san abin da wannan ke yi wa zuciya.

Sai wurare biyu da cocin ta sauya hali, kuma duka biyun masu ciwo ne. Wanda ya kashe kansa, dokar 1917 ta hana a yi masa jana'izar coci, iyalai da yawa sun binne nasu a ɓoye da kunya kan kunya. Dokar 1983 ta cire wannan, littafin koyarwarsu na 1992 kuma ya ce aikin babban laifi ne amma ciwon ƙwaƙwalwa da tsananin ƙunci ko tsoro na rage alhakin mutum, kar a yanke ƙauna, coci tana yi musu addu'a.

Na biyun shi ne jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba. Ƙarnuka da yawa malamansu suna koyar da cewa irin waɗannan suna wani waje da ake kira Limbo, ba azaba, amma ba ganin Allah. Bai taɓa zama aƙidar dole ba, amma an koyar da shi a ajin katikisim kamar dole, kuma a wurare irin ƙasar Ayalan har maƙabartu daban aka yi wa jariran nan a bayan gari. A 2007 wani kwamitin malaman Vatikan ya fitar da takarda, da amincewar Benedict na 16, cewa akwai ƙwararan dalilai na sa rai waɗannan yara suna tare da Allah. Ba su ce tabbas ba, sa rai suka ce.

A jerin Mama akwai suna ɗaya da ba irin sauran ba. Duk sauran suna da sunan baftisma, su Bitrus su Maryamu, shi wannan sunan gida ne kawai da yarensu, har sai da ta maimaita min sau uku kafin na iya rubutawa. Shekarar farko ban tambaya ba. Shekara ta biyu na ce "Mama, wannan waye?" Ta ce ɗanta ne na fari, kwana biyu ya yi, damina ce rafi ya cika, ba a samu kai shi wajen Fada ba. Wannan kusan shekara goma ke nan kafin takardar nan ta Vatikan ta fito. Na sa biro zan rubuta shi a ƙasa inda ya rage fili, sai ta riƙe min hannu ta ce a'a, in sa shi a sama, kafin sunan babansa.